Neman Masu Aikin Sa Kai Don Ajin Dattawa a Unguwa: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa yunƙurin buɗe ajin karatu na iyaye da kakanni ya san ɗalibai ba su da wuyar samu. Ana yin shela sau ɗaya za a cika zaure. Inda gizo ke saƙa shi ne wa zai riƙe ajin mako bayan mako ba tare da albashi ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu shirya irin wannan aji suka fi maimaitawa.

Wane irin aji ake nufi da ajin dattawa?

Zama ne na mutanen da suka manyanta, galibi daga shekara 55 ko 60 zuwa sama, da ke haɗuwa sau ɗaya ko biyu a mako su koyi abin da su da kansu suka zaɓa. Wani karatun boko yake so tun daga baƙi da wasali. Wata gyaran karatun Alƙur'ani take so, wanda aure ya katse mata tun tana yarinya. Da yawa kuma waya ce ta sha musu kai: yadda za su duba ko fansho ya shigo, su tura kuɗi, su aika saƙon murya ga ɗansu da ke Legas ko Jidda ba tare da sun jira jika ya dawo daga makaranta ba. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin naira, ya fito da wannan buƙata fili, domin a lokacin ne tsoho mai kuɗi a banki ya rasa yadda zai sayi gero.

Ajin ya yi kama da na yaƙi da jahilci da gwamnatin Jihar Arewa ta baza a shekarun 1950, sai dai wannan mutanen unguwa ne ke riƙe da abinsu, kuma bai tsaya kan karatu da rubutu kaɗai ba.

Me zai hana a ɗauki malami guda a riƙa biyansa, a huta?

In akwai kuɗin da za su ɗore, babu laifi. Amma ajin da aka ɗora kan alawus yakan mutu a watan da alawus ɗin ya tsaya, kuma mai kuɗin unguwa da ya yi alkawari a taron buɗewa ba kullum yake tuna alkawarinsa bayan sallah ba. Hukumomin gwamnati suna nan: Kano ta kafa hukumar ilimin manya a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, gwamnatin tarayya ta kafa tata ta ƙasa a 1990, kuma jihohi suna da nasu. Suna da amfani, za a zo kansu a amsar da ta shafi izini da rajista. Sai dai ba su isa kowane lungu ba, kuma tsohuwa mai ciwon gwiwa ba za ta hau mota biyu don zuwa aji ba.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. Yawancin abin da ajin ke buƙata yana cikin ɗaliban kansu. A zaure ɗaya za ka iske tsohuwar ungozomar asibiti, tsohon direban babbar mota da ya san hanya daga Maiduguri zuwa Fatakwal, tela, malamin allo, da wanda ya yi shekara 30 yana riƙe littafin kuɗi a ƙaramar hukuma. Idan aka kawo malami daga waje ya tsaya gaban allo, duk waɗannan sun zama masu saurare. Idan aka raba musu aiki, ajin ya zama nasu, kuma mutum ba ya barin abinsa ya lalace.

Mutum nawa ake buƙata kafin a fara?

Huɗu ko biyar sun isa aji mai ɗalibai 15 zuwa 20. Ana buƙatar jagora wanda zai riƙa magana da mai unguwa da masu wurin, masu koyarwa biyu domin in ɗaya ya yi tafiya aji bai tashi ba, ma'aji, sai mai kula da suna da ziyara, wato wanda zai lura wa bai zo ba ya leƙa gidansa. Wannan na ƙarshe shi ake yawan mantawa, alhali shi ne ke riƙe ɗalibai.

Kada a fara da mutum ɗaya komai himmarsa, kuma kada a jira a tara kwamiti mai mutum 20 da sakataren watsa labarai da mataimakinsa. Na farkon zai gaji, na biyun taro zai cinye shi.

A ina ake samun waɗannan mutane?

Fara da 'yan fansho. Ma'aikacin gwamnati a Nijeriya galibi yana ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Ma'ana wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 20, yana gida tun yana 55 da sauran ƙarfinsa, yana zaune a majalisa daga hantsi har azahar. Ƙungiyar 'yan fansho tana da rassa, kuma shugaban reshe ya san wa ke da lafiya, wa ke da haƙuri, wa kuma faɗa ya fi iyawa. Tsofaffin malaman firamare, ma'aikatan jinya, malaman gona, ma'aikatan gidan waya da na banki, duk a nan ake tsintarsu.

Sai wuraren ibada da ƙungiyoyi: kwamitin masallaci, malaman Islamiyya na dare, ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN wadda ke aiki tun 1985, zumuntar mata a coci, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da ƙungiyar ci gaban unguwa in akwai. Uwar adashi ma kada a raina ta. Matar da ta shekara goma tana riƙe kuɗin mata 30 ba a taɓa jin kanta da kowa ba, ai an samu ma'aji.

Akwai kuma matasa: ɗaliban kwalejin ilimi da ke hutu, waɗanda suka gama karatu suna jiran aiki, da masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda dama suna da rana guda a mako ta aikin raya al'umma. Su ne suka fi dacewa da darasin waya. Amma hidimar ƙasa shekara ɗaya ce, mai jiran aiki kuma ranar da aiki ya zo zai tafi, don haka a ɗauke su a matsayin ƙari, ginshiƙin ajin ya zama mazauna unguwa. Duba amsar da ta yi magana kan yaro ya koyar da babba.

Mun yi sanarwa a masallaci da WhatsApp, kowa ya ce madalla, amma ba wanda ya fito. Me ya faru?

Haka sanarwa take. Idan liman ya ce “ana neman masu taimakawa”, kowa a sahu yana ɗauka da na kusa da shi ake. Ga kuma kunya: dattijo mai mutunci ba zai miƙe cikin jama'a ya ce ni na iya ba, kada a ce yana neman suna. Amfanin sanarwa shi ne mutane su ji labarin, ta yadda in ka je wa mutum ba zai ji abin baƙo ba. Neman kansa kuwa ƙafa ke yin sa.

Ku zauna ku rubuta sunayen mutum goma da kuke ganin za su iya, a gaban kowane suna ku sa aikin da kuke so ya yi. Sannan a je gida, mutum biyu, ɗaya daga ciki wanda mai gidan ke jin nauyinsa. Bayan gaisuwa a faɗi abu ƙarara: “Baba, mun zo roƙon alfarma ne. Muna so ku riƙa koya wa dattawan nan lissafi ranar Talata bayan la'asar, awa ɗaya, daga yanzu zuwa azumi. Malam wane zai riƙa tsaya muku in kuna da uzuri.” A cikin wannan magana akwai aiki, rana, tsawon lokaci, ranar ƙarewa, da mataimaki. Mutane suna tsoron aikin da ba shi da iyaka, shi ya sa suke gudu. In suka ga bakin rijiyar da zurfinta, da yawa za su amsa.

A kuma gaya masa dalilin da ya sa shi aka zaɓa. “Kowa ya san yadda kuka riƙe ajin ɗaya a firamaren nan” ya fi “ba mu samu kowa ba” nesa ba kusa ba. In ya ce zai yi shawara, a ba shi kwana uku ko mako a koma. In ya ce a'a, a gode masa, a tambaye shi wa yake gani zai dace. Sau da yawa sunan da zai bayar ya fi nasa amfani, kuma shi kansa yakan dawo daga baya in ya ga abin ya kankama.

Dole ne mai koyarwa ya kasance yana da takardar malanta?

Ba dole ba ne. Abin da ake nema shi ne ya san abin da zai koyar, ya iya maimaita magana sau biyar fuskarsa ba ta canja ba, ya kuma riƙa zuwa a kan lokaci. Tsohon malamin makaranta yana da riba domin ya san tsara darasi, amma wani yakan taho da halin aji: tsawa, “ke tashi ki maimaita”, jan biro ja a littafin mutum. Abin da ɗan shekara tara zai shanye, Hajiya mai jikoki 12 ba za ta shanye ba. Ba za ta yi musu ba, gobe dai ba za a gan ta ba, kuma ƙawayenta uku za su bi ta.

Hanya mai sauƙi ta gane mutum ita ce a bar shi ya zauna a aji sau biyu yana kallo, sannan ya karɓi minti 15 na darasi. Daga baya a tambayi ɗalibai biyu ko uku a keɓe. Ba za su kushe shi kai tsaye ba, amma tsakanin “to, yana ƙoƙari” da “wannan yaron Allah ya yi masa albarka” akwai tazara.

Yaro zai iya koyar da sa'an kakansa ba tare da an samu matsala ba?

Zai iya, musamman a harkar waya, in an gyara zaman. Kada ya tsaya a kansu. Ya zauna a gefe, dattijo ya riƙe wayarsa da hannunsa, yaron ya nuna da baki. Babban kuskuren matasa shi ne fizge waya su danna nan da nan su miƙa, “ga shi an yi”. An yi ɗin, amma Baba bai koyi komai ba, sai ma ƙarin jin cewa shi ba zai iya ba.

Ladabi kuma ba a sassauta shi don an shiga aji. Ku ake ce musu, a kira su Baba, Inna, Kawu, Goggo, Alhaji, Hajiya, a gaisa kafin a buɗe littafi. Yana da kyau a haɗa kowane matashi da dattijo ɗaya cikin masu riƙe ajin, wanda zai buɗe zama, ya tsawatar in hira ta yi yawa, domin akwai maganar da ɗan shekara 22 ba shi da bakin faɗa. Wani abin lura kuma: mutum yakan fi koyo a hannun ɗan maƙwabci a kan ɗan cikinsa. Tsakanin uwa da ɗan fari akwai kunya, tsakanin kaka da jika akwai wasa, dukkansu kuma suna hana karatu tafiya.

Ajin mata fa, wa zai riƙe shi?

Mata. A yawancin unguwanni ajin mata daban yake, a cikin gida ko a Islamiyya, kuma samun mace mai koyarwa shi ke sa magidanta su saki jiki. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda ta riƙa naɗa dattijan mata a matsayin jaji, ta ba su malfa, su jagoranci matan ƙauyuka zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma su koyar. Ta zaɓi manyan mata ne domin sun wuce goyo da raino, suna da sukunin tafiya, kuma ana ganin girmansu. Dalilan nan ba su tsufa ba.

In matar da ake so ta taimaka tana da aure, a bi ta hannun uwargida ko wata babba da ake jin maganarta, kuma a tabbata maigidan ya sani tun farko, kada sai an saba da ita a ce an hana ta fita. A kuma yi tanadin mataimakiya da gaske, domin hidimar mata ba ta ƙarewa: biki, suna, jinyar 'ya da ta haihu, ga takaba wadda ke ɗaukar wata huɗu da kwana goma.

Ana ba masu aikin wani abu, ko don Allah ne zalla?

Aikin don Allah ne, amma kada mutum ya ba da lokacinsa sannan ya ciro kuɗin mota daga fanshon da bai ishe shi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, zuwa da dawowa a adaidaita sahu ya zama abin lissafi. Ka'ida mai kyau ita ce a mayar wa mutum abin da ya kashe, na mota, alli, kati ko data, ba a biya shi ladan aiki ba. Wannan ma wani dalili ne na neman mutanen da za su iya takowa da ƙafa.

A faɗi wannan tun ranar farko, da baki, a gaban shaida. Yawancin rigimar da ke kashe irin wannan aji daga zato take tasowa: wani ya ji an ce wata ƙungiya ta turo kuɗi, ya ɗauka jagora ya danne. Maganinta littafi ne. Duk abin da ya shigo, ko naira 200 ce ta gudummawar ɗalibi ko buhun alli daga wani bawan Allah, ma'aji ya rubuta, a karanta a gaban aji ƙarshen wata. Kuma wanda ke riƙe kuɗi daban, wanda ke ba da izinin kashewa daban.

Akwai wanda ya kamata a ƙi karɓa ko da ya kawo kansa?

Akwai, kuma nan ne kara ke cutarwa. Ajin dattawa taro ne na mutane masu fansho, masu filaye, masu 'ya'ya da ke turo kuɗi, waɗanda da yawansu ba sa iya karanta saƙon banki. Wanda zai koya musu tura kuɗi yana dab da lambar sirrinsu. Saboda haka ba a karɓar wanda ba a san asalinsa ba. Mutum biyu sanannu a unguwa su tsaya masa, mai unguwa ya san da shi. Sannan a kafa doka wadda za a faɗa a gaban kowa, har da ɗaliban: mai koyarwa ba ya tambayar lambar sirri, ba ya riƙe katin banki ko wayar ɗalibi ya tafi da ita, ba ya rubuta BVN ko NIN na kowa, ba ya cin bashi a hannun ɗalibi. In za a danna lambar sirri, ya kau da kai. Wannan kansa darasi ne, domin abin da ɗan damfara zai kira ya tambaya ke nan da sunan banki.

Sai masu zuwa da wata manufa a aljihu. Mai tallar maganin ciwon sukari da hawan jini, mai neman mutane su zuba kuɗi a wata harka mai ninka riba, ɗan siyasar da ya tuna da tsofaffi ana saura wata uku zaɓe yana neman a tattara masa katin zaɓe. Gudummawa in ta zo ba sharaɗi a karɓa a rubuta, amma ba a rataya hoton kowa a aji. Haka kuma wanda ba ya iya zama minti goma bai tayar da gardamar aƙida ba, komai iliminsa, a nema masa wani aikin. Ɗan ɗariƙa da ɗan Izala, Musulmi da Kirista a inda unguwa ta haɗa su, duk za su iya koyon duba kuɗi a waya a kan tabarma ɗaya, muddin ba a kawo mai zuga ba.

Wane horo za a ba sabon mai taimako kafin ya fara?

Zama ɗaya na awa biyu ya wadatar, in an faɗi abin da ya kamata. Na farko jiki. Daga wajen shekara 40 ido yakan fara kasa ganin ƙaramin rubutu na kusa, don haka ɗalibin da ke ƙyafta ido yana nisanta takarda ba daƙiƙi ba ne, tabarau yake buƙata. A yi rubutu manya-manya, allo ya sha baƙi sosai, a zauna inda haske yake, a ƙara girman rubutun waya tun ranar farko. Ji ma yana raguwa: a fuskanci mutane in ana magana, a yi ta a sannu, ba ihu ba. A tanadi kujeru ko benci saboda masu ciwon gwiwa, ruwan sha, buta, da makewayi a kusa. Mai ciwon sukari in ya rasa inda zai zaga sau ɗaya, ba zai gaya wa kowa ba, zai daina zuwa ne kawai.

Na biyu, a fara daga abin da mutum ya sani. Dattijo da ya sauke Alƙur'ani yana rubuta wasiƙa da ajami ya riga ya san cewa alama tana ɗaukar sauti. Abin da ya rage masa shi ne sababbin baƙaƙe da juya hannu daga hagu zuwa dama. Takardar naira 500 da ta 1000 suna ɗauke da ajami da boko, ga darasin farko nan a aljihu. Mai sayar da hatsi da ke lissafin buhu 40 da ka ba ya buƙatar a fara masa da ɗaya a tara da ɗaya, rubuta lambobin kawai yake nema. Mai koyarwa ya tambayi kowa abu ɗaya da yake so ya iya kafin wata uku, ko sa hannu a takarda maimakon dangwale ne, ko karanta sunan magani, ya sa darasinsa ya nufi can.

Na uku, sirri. Abin da aka gani a aji ya tsaya a aji. Ba a ɗaukar hoton kowa a sa a Facebook sai da yardarsa, kuma ba a mayar da kuskuren Alhaji abin hira a majalisa.

Wane lokaci da wane wuri suka fi sauƙi ga masu aikin?

Ga maza, bayan la'asar zuwa kusan magariba. Ga mata, hantsi bayan yara sun tafi makaranta, ko bayan azahar. A kauce wa ranar kasuwar gari da ranakun da biki ya fi yawa. A karkara a buɗe bayan kaka, wajen Nuwamba, a rufe in damina ta faɗi, domin malam da ɗalibi duk gona za su nufa. A azumi a ba da hutu ko a rage. Raba shekara zango-zango na wata uku yana taimakawa wajen neman mutane, kamar yadda aka faɗa a amsar da ta shafi sanarwa: mutum zai ɗauki zango guda cikin sauƙi.

Wuri kuwa, zauren mai unguwa, ajin firamare bayan an tashi, ko Islamiyya a lokacin da ba kowa. Gidan mutum ɗaya yana da daɗi da farko, amma ran da aka saɓa da mai gidan aji ya rasa matsuguni.

Sai an nemi izini ko an yi rajista?

Don fara aji na mutum 15 a zaure, sanar da mai unguwa ko dagaci da liman ya isa, kuma kada a tsallake wannan, domin su ne za a tambaya in wani abu ya taso. In ajin firamare za a ara, a ga hedimasta, shi zai faɗa ko sai an je wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Yana da kyau a kai ziyara ofishin ilimin manya na yankin. Wani lokaci ana samun littattafan koyon karatu, ko a tura wa masu aikinku gayyatar bita, kuma ɗalibin da ke son takardar shaida ta hannunsu zai bi. Rajista da ƙaramar hukuma ko hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa sai in ajin ya girma har ana son asusun banki da sunansa. Kada a fara da ita, takardu za su cinye ƙarfin da ya kamata a sa a aji.

Akwai inda dattawa ke tafiyar da irin wannan da kansu har ya ɗore?

Akwai. A 1973 wani malamin jami'a mai suna Pierre Vellas ya buɗe wa tsofaffi karatu a jami'ar Toulouse ta Faransa, abin da ya zama tsarin da ake kira U3A, wato jami'ar zango na uku na rayuwa. Da tsarin ya isa Ingila a farkon shekarun 1980, masanin tarihi Peter Laslett da abokansa suka sauya masa fasali: maimakon malaman jami'a su koyar, 'yan ƙungiyar ne ke koyar da juna, mai koyar da tarihi yau gobe ɗalibi ne a ajin zane. Ba jarrabawa, ba takardar shaida, ba albashi, sai ɗan kuɗin shekara da kowa ke biya. Su ma kukan da suka fi yi shi ne na samun wanda zai karɓi shugabanci ko riƙon kuɗi in na kai ya sauka. Rayuwar ɗan fanshon Ingila daban take da ta namu, wanda galibi har yanzu shi ke ciyar da gida, don haka abin ɗauka a nan shi ne koyar da juna, ba yawan lokacin da suke bayarwa ba.

Mun samu mutane, amma bayan wata biyu sun fara janyewa. Yaya ake riƙe su?

Da farko a je a ji dalili, a gida, ba a waya ba. Sau da yawa abu ne ƙarami: kuɗin mota, wata magana da aka faɗa masa a gaban mutane, ko an ce awa ɗaya ya ga ta zama uku. Aikin sa kai yana da wannan ɗabi'a, duk wanda ya nuna himma sai a yi ta jibga masa har ya gudu. Jagora ya riƙa kare masu himma daga ƙarin kaya.

Godiya kuma a yi ta a fili. Ranar 8 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da jahilci ta duniya, 1 ga Oktoba kuma, ban da bikin 'yancin Nijeriya, ranar tsofaffi ce ta duniya. Ko ɗaya daga cikinsu ta isa dalilin ɗan taro, a gayyato hakimi ko dagaci, a miƙa wa kowane mai taimako takardar yabo, ɗalibi ya tashi ya karanta abin da ya rubuta da hannunsa. Ga matashi mai neman aiki takardar nan tana da amfani na gaske. A kuma sani cewa ajin tsofaffi aji ne da ake jinya da rasuwa a cikinsa. Matashin da ya shaƙu da ɗalibarsa zai ji mutuwarta ƙwarai. A je ta'aziyya tare, a ba aji hutun kwana uku, kada a bar shi ya haɗiye abin shi kaɗai.

Wanda ya kafa ajin shi ke yin komai, kuma ba ya son sakin ragama. Me za a yi?

Wannan ya fi rashin masu taimako haɗari, domin daga waje ajin yana kama da mai lafiya. Mabuɗi yana hannunsa, littafin suna yana gidansa, shi kaɗai hedimasta ya sani. Ran da ya kwanta asibiti ko ya tafi Umara, komai ya tsaya. Ba a ƙwace masa da ƙarfi, don bai cancanci haka ba. A samu wani sa'ansa ya yi masa magana a keɓe, a ɗaga shi zuwa uban ƙungiya mai ba da shawara, a roƙe shi ya zaɓi mutum biyu ya koya musu aikin da hannunsa. Mutum yakan fi yarda ya ba da abu ga wanda shi ya zaɓa.

Ga ajin da bai kai nan ba tukuna, a sa ka'ida tun yanzu: kowane muƙami shekara ɗaya ko biyu ne, ana iya sabuntawa sau ɗaya, kowane mai muƙami yana da mataimaki, mabuɗi biyu ne, littafin suna da na kuɗi kuma a wurin ajin suke kwana. A ƙarshen kowane zango a duba cikin ɗaliban a ga wa ya yi nisa, a roƙe shi ya zauna kusa da sababbin shiga a zango mai zuwa. Yadda za a roƙe shi kuwa, daidai yake da yadda aka bayyana a amsar da ta shafi sanarwa: a je gida, a faɗi aikin, a faɗi ranar da zai ƙare.